Iliya Ɗan Mai Gahawa: Marayan Da Ya Adana Fuskar Birnin Ƙudus

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce mun ba ɗalibanmu na aji biyar wani ɗan aikin gida a darasin tarihi. Muka ce kowa ya je ya tambayi iyayensa, ya zo mana da hoton da ya fi kowanne tsufa a gidansu, ya kuma faɗa mana ko wane ne a ciki da inda aka ɗauka. Ranar da aka dawo, mafi yawansu hannu rabbana suka zo. Wasu suka kawo hoton fasfo na aikin hajji, wasu na katin zaɓe. Wata yarinya daga wajen Gozaki ta kwance ƙullin leda ta fito da hoton kakanta yana zaune kan kujera, da babbar riga da rawani, ga keke jingine a bayansa, amma gara ta cinye daidai wajen fuskar. Muka tambaye ta sunan mai hoton da ya ɗauka, ta ce a gidansu ba wanda ya sani, sai dai an ce a Funtuwa aka yi shi, wata shekara da auduga ta yi kuɗi.

Wannan hoto ne ya tuna mana da labarin wani mai hoto da ya rayu nesa da ƙasarmu, wanda ya tashi bai san ko sunan mahaifinsa ba, amma ya mutu ya bar wa duniya fuskokin dubban mutane da siffar birni guda. A takardu Elia Kahvedjian ake rubuta sunansa, mu kuwa za mu kira shi Iliya. Ba'armeniye ne, an haife shi a 1910, ya rasu a birnin Ƙudus a 1999.

Su Wane Ne Armeniyawa?

Armeniyawa wata tsohuwar al'umma ce da ke zaune tun dubban shekaru a tsaunukan da ke tsakanin Turkiyya da Iran da Jojiya. Suna da harshensu, suna da baƙaƙen rubutu nasu na kansu, waɗanda wani malami mai suna Mesrob Mashtots ya tsara wajen shekara ta 405. Kiristoci ne tun farkon ƙarni na huɗu. Ƙasarsu ta yau, wato Armeniya, ta fita daga Tarayyar Sobiyet a 1991, kuma mutanen da ke cikinta wajen miliyan 3 ne. Waɗanda ke zaune a waje sun fi na gida yawa. Kamar yadda Bahaushe ke da zango a Kumasi da Ankara da garuruwan Sudan, haka Ba'armeniye ke da unguwa a Halab da Bairut da Alƙahira da Faris. A tsohon birnin Ƙudus ma, cikin unguwanni huɗu da ganuwa ta kewaye, ɗaya tasu ce.

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da yawa daga cikinsu talakawan Daular Usmaniyya ne. A nan ba tamu ta Sakkwato muke nufi ba, ta Turkawa muke nufi, mai fada a Santambul. A cikin wannan daula an san su da sana'ar hannu: ƙirar zinariya da azurfa, gini, haɗa magunguna da fatauci.

Yadda Sana'ar Hoto Ta Zama Tasu

A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a ƙasar Faransa. A wancan zamani aikin ya fi kama da na mai haɗa magani. Sai an shafa wa faifan ƙarfe ko na gilashi wani ruwa mai azurfa a ciki, a sa shi cikin akwati, a buɗe wa haske ya shiga na ɗan lokaci, sannan a kai shi ɗakin duhu a wanke. Masana tarihi kan kawo dalilai uku da suka sa Armeniyawa suka riga kowa kama wannan sana'a a Gabas ta Tsakiya. Na farko, sun saba da azurfa da magunguna tun a gidajen iyayensu. Na biyu, suna da dangi a biranen Turai, suna jin harsunan can, don haka kayan aiki da sabon ilmi kan iso musu da wuri. Na uku, Musulmi da Yahudawa da dama sun ja baya da farko game da yin siffar mutum, sai filin ya zama nasu.

A 1858 wasu 'yan'uwa uku Armeniyawa, waɗanda aka sani da 'Ya'yan Abdullahi, suka fara riƙe gidan hoto a Santambul, kuma a 1863 Sarkin Musulmin Turkawa Abdul'aziz ya naɗa su masu hoton fada. Lokacin da Sarki Abdulhamid na Biyu ya aika wa babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka kyautar kundi 51 masu ɗauke da hotuna 1,819 a 1893, yawancin aikin nasu ne. A Ƙudus kuwa wani malamin majami'a mai suna Yesayi Garabediyan ya buɗe wurin koyar da hoto a cikin gidan ibadarsu wajen 1859, kafin daga baya ya zama shugaban addinin Armeniyawan birnin. Almajirinsa Garabed Kirikoriyan ya buɗe shago a bayan ganuwa cikin shekarun 1880, shi kuma ya koya wa Khalil Ra'ad, wanda ake lissafawa a matsayin Balarabe na farko da ya yi suna a wannan sana'a a Falasɗinu. A nan Afirka, iyalin Boyajiyan su ne masu hoton fadar Habasha tun zamanin Sarki Menelik har zuwa na Haile Selassie. Haka sana'ar ta riƙa tafiya daga maigida zuwa yaron shago, kamar yadda ƙira da dukanci ke tafiya a wurinmu.

Daga Urfa Zuwa Nazarat

An haifi Iliya a Urfa, a kudancin Turkiyya ta yau, garin da mutanensa ke cewa a nan ne Lamarudu ya jefa Annabi Ibrahim cikin wuta. Yana da shekara biyar masifa ta sauka. A ranar 24 ga Afrilu, 1915, ana tsakiyar yaƙi, gwamnatin da ke riƙe da daular a lokacin ta kame manyan Armeniyawan Santambul, sannan ta ba da umarnin kwashe jama'arsu daga garuruwansu. Aka ware maza da yawa aka kashe, aka kora mata da yara da tsofaffi a ƙafa zuwa hamadar Sham. Ƙididdigar waɗanda suka mutu ta kama daga 600,000 zuwa miliyan ɗaya da rabi. Mafi yawan masana tarihi da ƙasashe da dama suna kiran abin kisan ƙare dangi, gwamnatin Turkiyya kuwa ba ta yarda da wannan suna ba, tana cewa asarar yaƙi ce da ta shafi kowane ɓangare. Ya kamata a tuna kuma cewa Larabawa da Kurdawa da Turkawa da dama sun ɓoye maƙwabtansu sun tsirar da su, kuma Sharifin Makka Husaini ɗan Ali ya rubuta wasiƙa yana umartar a kare waɗanda suka tsira a kula da su.

Abin da ya sami Iliya, daga bakin iyalansa aka ji shi. Sun ce yana cikin ayarin da aka kora tare da mahaifiyarsa. Da ta ga ba za ta kai labari ba, sai ta miƙa shi ga wani Bakurde da suka gamu da shi a hanya. Mutumin ya sayar da shi ga wani maƙeri a garin Mardin a kan tsabar zinariya biyu, ya zama ɗan zuga-zugi. Da maƙerin ya yi sabon aure, sai zaman ya gagara, yaro ya koma kwanan titi yana bara. A nan ne ma'aikatan wata ƙungiyar agaji ta Amurka mai suna Near East Relief, wadda ta tattara marayu fiye da 100,000 a waɗannan shekaru, suka tsince shi. Daga ƙarshe aka kai shi gidan marayu a Nazarat, a ƙasar Falasɗinu. Cikin danginsa duka, 'yar'uwa guda kaɗai ya sake samu da rai, ita ma bayan shekaru masu yawa.

Da aka zo rubuta sunansa a gidan marayu aka tambaye shi sunan gidansu, bai sani ba. Abin da kawai ya iya tunawa shi ne mahaifinsa gahawa yake sayarwa. Sai aka ɗauki kalmar gahawa ta Turkanci aka ƙera masa suna da ita. Ma'anar Kahvedjian ke nan: ɗan mai gahawa. Wannan sunan aro shi 'ya'yansa da jikokinsa suka gada.

A makarantar marayun akwai wani malami mai sha'awar hoto. Kayan aikin wancan lokaci nauyi gare su, ga akwati, ga sanduna uku da ake ɗora shi a kai, ga fayafayan gilashi, don haka malamin yana bukatar mai ɗaukar masa kaya. Iliya ya zama shi ne ɗan dakon. Zama da maɗaukin kanwa, in ji masu iya magana, shi ke kawo farin kai.

Aikinsa A Birnin Ƙudus

Wajen tsakiyar shekarun 1920, yana ɗan saurayi, ya koma Ƙudus. A lokacin birnin na hannun Turawan Ingila, waɗanda suka ƙwace shi daga Turkawa a Disamba 1917. Ya shiga aiki a gidan hoto na 'yan'uwan Hananiya, ya yi ta yi har ya ƙware, daga baya shagon ya zama nasa. Abincinsa yana fitowa ne daga hoton angwaye da amare, da sojoji, da ma'aikatan gwamnati. Amma in ya sami sarari, sai ya saɓi kayansa ya shiga gari ko ya fita karkara, ya ɗauki abin da ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda zai biya shi.

Hotunan nasa kashi biyu ne. Akwai na wurare: ganuwar da Sarki Sulaiman na Turkawa ya gina wa birnin tsakanin 1537 da 1541, da Ƙofar Dimashƙa, da Dutsen Zaitun, da harabar Masallacin Aƙsa, da Kogin Urdun, da ayarin raƙuma a kan hanya. Akwai kuma na mutane: manoma, makiyaya, mata da tuluna a ka, masu sana'a a bakin shagunansu, da masu ibada na addinai uku. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna shi ne na 1935, inda wasu talakawa ke zaune suna cin hummus, wato wani irin wake da ake niƙawa da riɗi. Wani kuma na 1931 ne, ranar da jirgin nan na Jamus mai kama da ƙaton balan-balan, wanda ake kira Zeppelin, ya ratsa ta saman birnin.

Ya kamata mai karatu ya lura da wani abu game da aiki da gilashi. Kowane faifai hoto ɗaya yake ɗauka, kuma da kuɗi aka saye shi. Shi ne uwar hoton, daga jikinsa ake wanke ko nawa ake so, in ya fashe kuwa shi ke nan. Saboda haka mai hoto ba ya danna kyamara da garaje. Sai ya tsaya ya jira rana ta kai inda yake so, ya jira mutum ya manta da shi ya koma harkarsa. Wanda ya kashe faifai guda a kan masu cin wake a gefen hanya, ya yanke hukunci ke nan cewa su ma sun isa a tuna da su, daidai da gwamna.

Birnin da Iliya ke yawo a cikinsa da akwatinsa ba baƙo ba ne gare mu ƙwarai. A bakin ɗaya daga cikin ƙofofin harabar Aƙsa, wadda ake kira Babul Majlis, akwai 'yar unguwar baƙar fata. Kakanninsu alhazai ne daga Nijeriya da Cadi da Sudan da Sanagal, cikinsu har da Hausawa, waɗanda suka zarce ziyara bayan aikin hajji suka yi zamansu, wasunsu a daidai wannan zamani na mulkin Ingila.

Gilasan Da Aka Ɓoye

A ranar 29 ga Nuwamba, 1947, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da raba Falasɗinu gida biyu, rikici ya ɓarke. Iyalan Iliya sun ce wani hafsan Ingila ne ya rada masa cewa ya kwashe kayansa daga shago tun da sauran dama. Bai yi gardama ba, domin ya riga ya san yadda gari kan juye a dare ɗaya. Ya kwashe gilasansa ya kai su unguwar Armeniyawa a cikin ganuwa ya adana. Ba a daɗe ba aka lalata wurin da shagon yake. A yaƙin 1948 Falasɗinawa fiye da 700,000 suka bar gidajensu, birnin kansa ya rabu biyu da waya mai ƙaya har zuwa 1967.

A 1949 Iliya ya buɗe sabon shago a unguwar Kiristoci ta tsohon birni, ya ci gaba da neman abincin iyali. Gilasan nan kuwa suka yi ta kwana cikin akwatuna, shekara kusan arba'in. Sai a 1987 iyalansa suna gyaran ɗakin ajiya suka buɗe su. Ban da nasa, ya kuma tattara tsofaffin hotunan waɗanda suka gabace shi a sana'ar. Aka shiga wankewa ana bajewa, mutane suka yi ta zuwa kallo. A 1998 ɗansa Kebork ya buga zaɓaɓɓu daga ciki a wani littafi, wanda ma'anar sunansa ita ce Ƙudus ta idon mahaifina. Shekara guda bayan haka tsohon ya rasu.

Me ya sa gilasan suka yi daraja haka? Saboda abin da ke jikinsu da yawa ya riga ya shuɗe. Ƙubbar Sakhra da muke gani tana ƙyalli a kalanda, a zamanin da Iliya ya fara aiki rufin darma gare ta mai duhu. Sai a farkon shekarun 1960 aka sa mata rufi mai ruwan zinariya, Sarki Husaini na Jodan kuma ya sabunta shi a 1994. Unguwar Magaribawa, wadda ɗan Salahuddini ya yi waƙafinta tun ƙarshen ƙarni na 12, Isra'ila ta rushe ta a Yuni 1967, ba a ganinta yanzu sai a tsohon hoto. Mumbarin Salahuddini da wani ɗan ƙasar Ostireliya ya cinna wa wuta a cikin Masallacin Aƙsa ranar 21 ga Agusta, 1969, da taimakon tsofaffin hotuna da guntayen da suka tsira aka sassaƙa madadinsa, aka kafa a 2007. A ƙasar da kowane ɓangare ke gardama a kan wa ya riga wa zama, hoton manomi a gonarsa da shekara rubuce a ƙasa ya zama shaida.

Ba Iliya kaɗai ne yaron da ya fito daga wannan wuta ya kama kyamara ba. A Mardin, garin da aka sayar da shi, aka haifi Yusuf Karsh a 1908. Shi Kanada ya faɗa, kuma hoton da ya ɗauki Churchill a 1941 shi aka sa a takardar fam biyar ta Ingila a 2016. Wani kuma, Kegam Jegaliyan, shi ya buɗe gidan hoto na farko a Gaza a 1944. Karsh ya yi suna da manyan duniya. Iliya kuwa da talakawan birni guda ya tsaya, kuma don haka ne labarinsa ya fi kusa da mu.

Mu Fa A Nan Gida?

A shekarar da aka buɗe akwatunan Iliya, wato 1987, aka ƙirƙiro mana Jihar Katsina. Sai mu tambayi kanmu: ina hoton Kafur na wannan shekara? Ina na kasuwar Malumfashi? Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Kakanninmu sun yi ta kai auduga wurin awo a kan jakuna. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, takin zamani da sabon irin masara suka canza fuskar gonakinmu. Duk wannan a gaban idon iyayenmu aka yi shi, amma ɗalibinmu na yau ba ya da abin da zai duba ya gani. Dalar gyaɗa ta Kano ma da ba don hoto ba, da yaran yanzu sun ce tatsuniya ce. Yawancin tsofaffin hotunan ƙasarmu Turawan mulki ne suka ɗauka, abin da ya ba su sha'awa suka ɗauka, kuma da yawa suna can a ɗakunan ajiyarsu.

Mun yi namu masu hoton, waɗanda ke da shago a Funtuwa da Malumfashi, da waɗanda ke bin ƙauyuka a kan keke ranar kasuwa da ranar Sallah. Da wayar hannu ta zo kasuwarsu ta mutu, kuma ba mu ga wanda ya je ya tambaye su ina tsofaffin fina-finansu suke ba. Yanzu kowa mai hoto ne, sai dai ranar da waya ta faɗa rijiya ko aka sace ta, hotunan shekara biyar sun tafi tare da ita.

Abin ya wuce sha'awa. A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya tashi ƙauyuka a ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, mutane sun fito da kayan jikinsu kawai. A cikin azuzuwanmu akwai yaran da suka baro garinsu suna goye. Wata rana za a tambayi ɗayansu yadda garin yake da yadda mahaifinsa yake, kamar yadda aka tambayi Iliya a Nazarat.

Kammalawa

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa marubuta da abubuwa uku masu sauƙi. Na ɗaya, kowa ya nemi tsohon mai hoto na garinsu tun yana da rai, ya rubuta tarihinsa, ya roƙe shi kada ya zubar da abin da ya rage. Na biyu, duk hoton da ke gida a rubuta a bayansa da fensir sunan mutum da gari da shekara, a sa shi cikin gwangwani mai murfi inda gara da laima ba za su kai ba, a kuma wanke na waya masu muhimmanci a takarda. Wanda ya ga na hannunsa ya shafi jama'a, akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 don irin wannan ajiya. Na uku ya shafi alƙalaminmu. Littattafanmu sun cika da falo da mota da gidan sama, alhali sussukar masara, da awon auduga, da hirar dandali ba su cika samun ko shafi guda ba. Su ne masu cin waken namu, kuma su ne jikokinmu za su nema.

Ita kuwa yarinyar nan ta Gozaki, mun rubuta sunan kakanta a bayan hoton, muka mayar mata. Da yake kakarta tana da rai, mun ce ta je ta zauna kusa da ita, ta tambaye ta yadda fuskar mijinta take, da irin zanen da ke kuncinsa, da yadda yake dariya, ta rubuta duka a takarda, ta naɗe tare da hoton cikin leda guda. Ta kawo mana shafi biyu da rabi.